Madu da Wayar da ke Ɗiban Haske

"To wa zai ɗauki hoton sunan nan? An faɗa wa Aloysius mai hoto kuwa?"

Gumsu tana kwance a ɗakin jego tambayar ta ratso labule ta same ta. Muryar Ya Muhsinat ce, yayar mijinta, tana tsakar gida tana tsince shinkafar sinasir. Gumsu ta ɗaga kai daga matashi ta kasa kunne, don kwana biyar ke nan tambayar nan tana cin ta a rai, ta rasa bakin yin ta.

Haihuwar fari ce. A gidan nan nasu na unguwar Lamisula a Maiduguri, mai jegon fari ba ta ƙura wa ɗanta ido a gaban mutane, ba ta tambayar wa ya ɗebo, balle ta buɗe baki ta ce a yi masa hoto. Ga shi kuma mahaifiyarta, Iya, tana Diffa tun shekarun gudun hijira, ciwon ƙafa ya hana ta tafiya. Shekara tara rabon da Iya ta sa mahaifinta a ido, wato Kaka Inuwa na Konduga. Ranar da aka haihu ta kira ƙaramar wayar Gumsu mai tocila, ta ce abu ɗaya take so a duniya, hoton Baba riƙe da yaron, ta ga tsohonta da jikanta a wuri ɗaya. Kaka Inuwa kuwa shi da hoto ba sa ga maciji. Da ƙyar ya yarda da guda ɗaya, bayan an raɗa suna. Ya kuma ce da an shafa fatiha zai bi mota ya koma, tsuntsu na cin masa gero.

"Aloysius?" Muryar Madu ce, mijin Gumsu, daga bakin randa. "Ya Muhsinat, ai Aloysius ya zama tarihi. Dubi nan."

Madu mai sayar da huluna ne a Kasuwar Monday, kuma tun da aka haife shi ba wanda ya taɓa jin ya ce bai sani ba. Shi ne ya gyara fankar Hajja mahaifiyarsa ta koma hura bango. Shi ne ya yi wa kajin gidan allura da hannunsa, aka yi kwana uku ana cin kaza. Gumsu ta ɗan ɗage gefen labule, ta hango shi ya ɗaga wata sabuwar waya sama kamar wanda ya ci kofi.

"Ido uku gare ta," in ji shi. "Ɗaya na rana, ɗaya na dare, ɗaya na abin da idon mutum ba ya gani."

"Wa ya faɗa maka?"

"Ni ba a faɗa mini, ni ke faɗa."

"Madu, da asuba ake suna. Sati uku ba wuta a layin nan. A duhu za a zauna."

"To madalla da duhu. Kin ga alamar jinjirin watan nan? In na danna ta, ko cikin rijiya kika shiga sai na fito da ke har da kwallin idonki."

"Kai dai ka fara shiga, mu gani."

Ba a jima ba aka yi sallama a zaure. Aloysius ne mai shagon hoto na bakin layi, ya kawo sabulu da omo da matarsa Felicitas ta aiko na barka. A Maiduguri aka haife shi, Hausarsa ta fi ta Madu miƙewa, kuma shi ya ɗauki hoton auren Madu da ke rataye a ɗakin Gumsu. Tagar ɗakin tana kallon zaure, don haka ba abin da ya wuce ta.

"Angon ƙarni, wushe. Jibi ƙarfe nawa zan zo da fitiluna?"

"Ka zo da cikinka kawai, Oga Aloy. Akwai sinasir."

"Wani aka ɗauka?"

"Ni na ɗauki kaina. Zamaninku ya wuce. Ku sai kun ɗauko lema, kun ɗauko fitila, kun sa mutum ya ɗaga haɓa kamar mai jiran aski."

Aloysius ya dubi wayar, ya dubi mai wayar. "Shekara ashirin da biyu ina aikin nan. Kawo in nuna maka abu ɗaya a kanta."

Madu ya ɓoye ta a aljihu. "Jibi ni zan nuna maka. Kyauta ma, ba zan karɓi kuɗin makaranta ba."

"Mu gani a ƙasa," in ji Aloysius, "an ce da kare ana biki a gidansu." Ya ajiye sabulunsa ya tafi.

Jajiberen suna bayan magariba, Madu ya ce za a yi gwaji. Ya tara matan gida da na maƙwabta da suka zo aikin abinci, ya tsaya a tsakiya yana darasi. Ya danna jinjirin watan, wata da'ira ta fito a fuskar wayar tana cika a hankali.

"Kun ga wannan? Haske take ɗiba. To, mai ɗiban ruwa a gulbi, in ya tsayar da ƙwarya wuri ɗaya, me zai samu? Sai ya kewaya da ita. Haka ita ma. Kai da ka san sirrin, sai ka taimaka mata."

Ya miƙa hannu ya shiga kewaya wayar a iska, dama da hagu, sama da ƙasa, kamar mai korar sauro a kan tuwo. A kan Hajja ya fara gwadawa, tana zaune a kan sallaya da carbinta. Da ya gama ya miƙa mata.

Hajja ta kai wayar kusa da ido, ta nisanta ta. "A'uzu billahi. Wace ce wannan?"

"Ke ce, Hajja."

"To ni da wa da wa? Kai uku nake gani."

"Motsi kika yi."

"Ni da gwiwa ta hana ni tashi tun la'asar?"

Matan suka yi ta miƙa wa juna wayar. Wata ta ce a goge kafin ta zo mata a mafarki. Madu ya ce matsalar mutane ke nan, ba sa iya zama wuri ɗaya, bari ya nuna musu a kan abin da aka ɗaure. Ya nufi ragon suna da ke turke a gindin dogonyaro. Wannan karon ya kunna filasha, wai don ya ƙara wa miya gishiri. Ya durƙusa daf da hancin ragon, haske ya ɗauke kamar walƙiya. Ragon ya ja da baya taku biyu, ya auna, ya ba shi a cinya. Madu ya tafi da baya ya zauna a ƙasa, hularsa ta gangara ƙarƙashin turmi. A hoton ba rago, ba turke, sai garwashi biyu a cikin baƙi.

Thomas maƙwabcinsu, mai tuƙa keke napep, yana leƙe ta kan katanga. "Madu, shi ma ragon motsi ya yi?"

"Ba ka gani ba?" Madu ya miƙe yana ɗingishi. Ya ciro hularsa daga ƙarƙashin turmi, ya juyo. "Thomas, gobe da asuba ka fito da kekenka ƙofar gida. Fitilar nake so."

"Na ɗauka wayar ba ta son fitila."

"Ba don ita ba. Don jama'a su ga takalmansu."

Da ya shigo ɗaki neman man zafi, Gumsu ta tattara duk ƙarfin halin da Allah ya ba ta. Ta juya fuska bango, ta yi magana can ƙasa.

"Ko a bar Oga Aloy ya zo da nasa. Ko da ba zai ɗauka ba."

"Ke ma?"

"Iya ce. Ɗaya kawai Kaka ya yarda."

"Ki kwantar da hankalinki. Iya za ta ga hoton da ba a taɓa ganin irinsa ba a Diffa."

Wannan kam Gumsu ta yarda da shi.

Ana kiran isha'i Kaka Inuwa ya iso, dogon tsoho siriri da sandarsa da 'yar jakar taki cike da gyaɗa. Tun daga zaure yake cewa, "Ina ɓarawon matata? Ya ɗauke mini ita, ga shi har ya yi mini ɓarna."

Madu ya tarbe shi. "Kaka, sannu da hanya. Gobe zan sa ka a waya duniya ta gan ka."

"Duniya ta gan ni shekara tamanin da ɗaya, ba ta ƙare ni da komai ba. Ɗaya na ce. Ba don kai ba, don 'yata da ke can tana kuka. Ka ji?"

"Ɗaya ma ya yi yawa, Kaka."

Washegari da aka fito sallar asuba aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Gari bai waye ba, mutum sai ya matso kake gane shi. Liman ya zauna, Bulama mai unguwa na gefensa, aka ajiye farantan goro da dabino. Gumsu ta yi wanka tun kafin kiran salla, ta zauna a bakin gado ta maƙala ido a 'yar kafar labulen taga, wadda ke nuna mata zaure da rabin ƙofar gida.

Uban ɗan fari wurinsa can baya ne, kai a sunkuye, kamar ba shi aka yi wa ba. Madu kuwa ya sha sabuwar babbar riga ruwan ƙasa, yana ratsa tabarmi yana tsallake ƙafafun dattawa, hannu a sama yana ɗiban haske. Hannun rigar ya share hular Bulama. Ya juya ba da haƙuri, ya share farantin dabino. Liman ya ɗaga hannu zai fara addu'a, filasha ta sauka a fuskarsa.

Liman ya rufe ido ya buɗe. "Madu, ka bari mu gama da Allah tukuna."

"Ci gaba, Malam, kamar ba na nan."

"Da ba ka nan da mun gama."

Aka raɗa wa yaro Muhammadu Inuwa, sunan Kaka. Aka shafa. Duk hoton da Madu ya ɗauka, nan take yake tura shi gurup ɗin dangi da na unguwa, ko kallo ba ya yi. Wani abokinsa ya ce ya duba mana kafin ya tura. Madu ya ce ɗan koyo ke duba aikinsa. Sabis ya yi rauni, hotunan suka yi layi suna jiran tafiya.

Sai aka zo kan abin da Gumsu ke jira. Ya Muhsinat ta shigo ta ɗauki jaririn a naɗe cikin farin zane, ta kai shi zaure. Kaka Inuwa ya zauna a kan dakalin ciki, ya karɓi takwaransa. Zauren nan ko da rana sai ka lalubi takalminka.

"Madu, ka jira rabin awa gari ya waye," in ji Ya Muhsinat. "A fito da Kaka waje a ɗauka."

"Da rana ko akuya ta iya hoto."

"Ni mota ba za ta jira ni ba," in ji Kaka. "Yi abin da za ka yi."

Madu ya naɗe riga a kafaɗa, ya danna wata, ya shiga kewaye. Hannunsa ya wuce ta gaban hancin tsohon sau biyu. Kaka ya bi shi da ido kamar mai kallon ƙuda.

"An gama?"

"An gama bismilla."

"Ɗaya na ce."

"Ai ba a fara ba, Kaka. Thomas, turo keken."

Thomas ya turo keken har bakin zaure. Ya ce batirinsa ya yi sanyi, fitila ba za ta kama ba sai inji na aiki. Madu ya ce ya tayar. Keken ya yi tari sau uku ya tashi, fitila ta soki fuskar Kaka, iskar asuba kuma ta kwaso hayaƙin ta cusa shi cikin zauren. Jariri ya tsala kuka. Tsoho ya runtse ido yana tari, ya kare yaron da hannun rigarsa.

"Kaka, buɗe ido."

"Kashe ranar da ka kunna mini tukuna."

"Ɗan murmushi. Thomas, ƙara wuta."

Thomas ya murɗa, hayaƙi ya ƙaru. Maza suka taso daga tabarmi suka yi cincirindo a bakin ƙofa. Madu ya ce an yi masa kusa, hoton manya sai daga nesa. Ya fara ja da baya, ido a sama, hannu na kewaye. "Ku matsa. Ku ba gwani wuri." Aka matsa masa. Ya ja taku uku ta ƙofar da ke shiga tsakar gida, inda mata suka ajiye babban bahon kunun gyaɗa na baƙi, an buɗe shi ya sha iska.

Gumsu ta ga abin da zai faru. Ta buɗe baki, amma ba ta kiran sunan miji, kuma kafin ta samo abin da za ta kira shi da shi, ya riga ya zauna.

Zama ya yi sosai, har ƙugu. Kunu ya yi tsalle ya wanke bango. Ƙafafunsa biyu na sama, babbar riga ta baje a kan bahon kamar murfi, amma hannun da ke riƙe da waya yana nan a miƙe, ko ɗigo bai taɓa ta ba.

"Kunun mutum sittin," in ji Ya Muhsinat. Ba ta ɗaga murya ba. "Tun ƙarfe uku nake dama shi."

"Da zafi?" Thomas ya tambaya, bayan ya kashe inji.

"Ba zafi," in ji Madu, yana cije leɓe. "Na samu wanda nake so. Ku ɗaga ni."

Ana ɗaga shi sabis ya dawo. Wayoyi suka fara ƙara a aljihuna, nan da can, kamar kwaɗi bayan ruwa. Hoto arba'in da bakwai suka sauka a lokaci ɗaya. Kowa ya sunkuya a kan tasa.

"Wannan ni ne ko buhun gawayi?" in ji Bulama.

"Kai ne, ranka ya daɗe. Buhun gawayin shi ne na gefenka, ni ke nan."

"Ga wani nan an ɗauki taro, amma duk mun narke."

"Ni dai na gane takalmina."

Madu yana tsaye kunu na ɗiga daga rigarsa zuwa ƙafa, yana cewa ƙananan wayoyinsu ne ba sa iya buɗe babban hoto. Sai tasa ta yi ƙara. Ya duba, fuskarsa ta washe.

"To ga shi. Saƙon murya daga Diffa. Shaida daga ƙasar waje. Ku yi shiru ku ji wadda aka yi don ita."

Ya ƙure ƙarar, ya ɗaga wayar sama. Muryar Iya ta cika zaure, tana rawa.

"Madu, gobara aka yi? Na ga hayaƙi, na ga wuta, na ga wani abu kamar Baba a ciki ya rufe ido. Ina yaron? Ina Gumsu? Don Allah wani ya yi mini magana."

Wani can baya ya kasa riƙewa, dariya ta ɓarke har kan titi. Gumsu ba ta yi ba. Ta saki labulen ta dafe ƙirji. Ya Muhsinat ta fizge wayar daga hannun ƙanenta, ta danna ta yi magana da Kanuri da sauri, cewa kowa lafiya, ba wuta, ba komai, Madu ne kawai.

"Madu ne kawai," Bulama ya maimaita. "Ai ta gane."

Aloysius yana gefe da sinasir a hannu, ya zo da cikinsa kamar yadda aka ce masa. Ya goge yatsu, ya ce a ba shi ya gani. Ya danna jinjirin watan, da'irar ta fito.

"Angon ƙarni, ka ga ɗan rubutun nan a ƙarƙashinta? Cewa take kada ka motsa. Ka tsaya cak har ta cika, shi ke nan. In hannunka na rawa ka jingina ta da wani abu. Wallahi waya ce mai kyau. Daƙiƙa huɗu kawai take roƙon mutum ya natsu."

"Daƙiƙa huɗu?" in ji Ya Muhsinat. "Ai an yi wa Madu tsada. Oga Aloy, don Allah ɗauka mana kai."

"A'a." Kaka Inuwa ya miƙa mata jaririn, ya dafa sanda ya tashi, idonsa na hawayen hayaƙi. "Ɗaya na ce, an yi mini goma sha. An gasa ni, an turara ni kamar kifin Baga. Na gama hoto har lahira. Wanda ya sake nuna mini abin nan, sandata za ta ɗauke shi."

Aka roƙa, liman ma ya sa baki. Tsoho ya ce magana ɗaya yake yi. Madu ya fara bayanin cewa shi ma dama yana shirin tsayawa cak a zagaye na gaba. Hajja ta leƙo ta ce ya wuce banɗaki kafin ƙudaje su raɗa masa nasa sunan.

Ya Muhsinat ta shigo ɗaki ta kwantar da yaron, ta jefa wayar kan katifa. "Ɓoye wannan kafin ya kashe wani." Ta dubi Gumsu, ta sassauta murya. "Ki yi haƙuri. Za mu san abin da za mu faɗa wa Iya." Ta fita neman abin da za a ba baƙi.

Gumsu ta zauna tana kallon hannayenta. Shekara tara Iya na jira, abin da ta samu hayaƙi ne.

Aka yi gyaran murya a bakin ƙofa. Kaka ne ya zo sallama. Ya shigo ya zauna a kan 'yar kujera, ya ajiye sanda. Ɗakin jego ne, taga a rufe, labule mai kauri, sai wani siririn haske da ke shigowa ta ƙasan ƙofa. Gumsu ta gaishe shi, ta ja mayafi ta koma ƙuryar gado. Ya miƙa hannu ya ɗauki yaron, ya ɗora a gwiwa, ya sunkuya.

"Takwara, ka ga ubanka ko? Haƙuri za ka yi. Kowa da irin jarrabawarsa." Ya sa babban yatsa ya shafi goshin yaron, ya shiga yi masa addu'a a hankali, ya manta da kowa.

Wayar tana nan kusa da ƙafar Gumsu, fuskarta ba ta mutu ba, jinjirin watan na kallon ta. Ta jawo ta da yatsu biyu a ƙarƙashin mayafi. Ta ɗora matashi a gwiwa, ta jingina wayar a kai, ta bar idanun nan uku suna leƙe ta gefen mayafin. Ta danna. Ta ɗauke numfashi.

Zama cak ba baƙon abu ba ne a wurin Gumsu. Ta yi shi a gaban surukai, ta yi shi a gaban baƙi, ta yi shi duk daren da Madu ke ba ta labarin yadda zai gyara ƙasar nan. Da'irar ta cika a hankali. A waje Thomas ya tayar da kekensa, ƙarar ta haɗiye ɗan sautin da wayar ta yi.

Kaka ya shafa, ya kwantar da yaron, ya ɗauki sanda. "Matata, na tafi. Ki ce wa uwarki ta yafe ni, ba laifina ba ne."

"Allah ya kiyaye hanya, Kaka."

Da labule ya faɗi a bayansa ta duba. Ga tsohon nan kamar ka taɓa shi, farin gemu, tsagen fuska, jijiyoyin hannu, ɗan hasken ƙasan ƙofa ya kwanta a gefen kumatunsa. Ga yaron ya buɗe ido ɗaya, ya kama babban yatsan tsohon da hannu duka. Gumsu ta kalli fuskar ɗanta a wayar, ta yi ta kallo, kallon da kwana bakwai ba ta samu ta yi ba sai a sace.

Karatunta aji huɗu ne, amma ya isa. Ta bi sunaye da yatsa tana haɗa baƙi har ta kai "Iya Diffa". Ta tura mata ita kaɗai. Ta jira, tana jin ƙarar ruwa daga banɗaki. Saƙo ya dawo. Ta rage ƙara ta manna wayar a kunne.

Da farko jan hanci kawai ta ji. Sannan Iya ta ce, "Baba ya rame. Gemun ya yi fari duka." Ta sake jan hanci. "Yaron goshinki ne. Allah ya yi wa wanda ya ɗauka albarka."

Gumsu ta danna, ta kai baki daf da wayar. "Iya, ki riƙe shi a wurinki. Kada ki tura wa kowa." Ta ga ya tafi. Ta sake kallon hoton sau ɗaya, ta goge shi, ta goge saƙonnin, ta mayar da wayar inda aka jefa ta.

Madu ya shigo da tawul a wuya, har yanzu yana ƙanshin gyaɗa. Ya ɗauki wayar ya jujjuya ta.

"Na gano matsalar. Jabu suka sayar mini. Aloysius ma ya gani, hassada ce ta hana shi faɗa. Wai a tsaya cak. A duhun nan ko soja ne ya tsaya, ba abin da zai fito." Ya dube ta. "Me ya sa idonki ya yi ja? Kada ki damu da Iya. In aka yi arba'in zan ɗauki wani da kaina."

Gumsu ta auna. In ta faɗa wa Ya Muhsinat, kafin azahar Lamisula ta ji cewa mai jegon fari ta rasa kunya, ta saci hoton tsohon da ya rantse, ta kuma ƙara wa mijinta kunu a kan kunu. In ta faɗa wa Madu, kafin la'asar kowa ya ji cewa shi ya ɗauka.

"Hayaƙi ne," in ji ta.

Ta gyara wa yaron zane ba tare da ta kalle shi ba, ta juya fuska bango. Maganar nan ita da Iya ce, kuma a nan za ta tsaya.